Yadda za ku nuna wa yara wayon hankaka daga tsakar gida

Washegarin Babbar Sallar bara ne. Mun shanya naman layya a igiya, na zaunar da autata, mai shekara 6 a lokacin, da 'yar sanda a hannu tana gadi, ni kuma ina madafa ina fama da suyar kayan ciki. Hankaki biyu suka sauka a kan katanga. Ɗaya ya diro ƙasa ta wajen rijiya yana 'yan tsalle-tsalle, ta tashi ta bi shi da sanda. Kafin ta waiwayo ɗayan ya fizge tsoka guda daga igiya ya haye saman tankin maƙwabta. Ta shigo da gudu, ido waje, ta ce, "Umma, wallahi shawara suka yi!" Yayanta mai shekara 10 bai ce uffan ba, ɗaki ya shige ya ɗauko danƙonsa.

Na karɓe danƙon, na ce ya ba ni wata ɗaya mu zuba musu ido, in bayan nan yana son harbi sai mu yi magana. Ni malamar firamare ce a nan Tudun Wada, 'yan aji biyu da aji uku nake koyarwa, kuma na daɗe ina jin ciwon yadda yaranmu suka san sunayen dabbobin da ba su taɓa gani ba, amma tsuntsun da ke kan katangarsu kullum ba su san komai game da shi ba sai jifa. Abin da muka yi a watan nan, wanda daga baya na maimaita da 'yan ajina, shi zan faɗa muku, don duk uwa ko uba ko malami zai iya yinsa ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Ku fara da kallo, ba da labari ba. Ina roƙonku kada ku buɗe wa yaro bidiyon hankakin ƙasashen waje a waya tun ranar farko, don in ya ga wancan, na gida zai raina. Hankaka ba ya wuyar samu a Kaduna. Yana bakin kwata, yana kan bola, yana filin makaranta bayan an koma aji daga tara, yana kan falwaya da ƙarfen sabis. Lokacin da ya fi shi ne da sassafe, rana na ɗagowa, ko kuma la'asar sakaliya. Ku samu inuwa ku zauna nesa kaɗan, kamar taku 20. Ku ja wa yaro kunne a kan abu biyu: kada ya nuna shi da yatsa, kada kuma ya sunkuya kamar mai ɗaukar dutse. Hankakin gari sun sha jifa, sun san wannan sunkuyon sarai. Minti 10 ya isa ga ƙaramin yaro, in ya fara mutsu-mutsu ku tashi, gobe ma rana ce.

Ku ba shi tsohon littafin rubutu da fensir, ku ce ya zana abin da ya gani. Tambaya ɗaya nake yi musu, ita ce "Me ka gani?", kuma ina danne bakina kada in riga su amsa. Na taɓa faɗa wa autata maganar da ake yi, hankaka gabanka fari bayanka baƙi. Ta daɗe tana kallon wanda ya juya mana baya a kan katanga, sai ta ce, "Umma, ai farin ya zagayo har bayan wuyansa." Gaskiyarta. Farin ƙirjin yana zagayowa ta kafaɗa kamar wuyan riga, kai da fukafukai da wutsiya ne baƙi, baƙin ma in rana ta haske shi sai ya riƙa ƙyalli da shuɗi-shuɗi. Ranar na ji daɗi ƙwarai, don da idonta ta gano, ba da bakina ba. In yaro ya tambayi girmansa, tsawonsa daga baki zuwa wutsiya ya kusa santimita 50, nauyinsa kuwa wajen rabin kilo. Ku ɗora masa ledar fiya wata guda a tafin hannu ku ce ga nauyin hankaka nan.

Bayan kala sai tafiya da cin abinci. Ku sa yaro ya lura cewa hankaka yana takawa ƙafa bayan ƙafa kamar mutum, in yana sauri kuma ya haɗa da tsalle. In ya samu abu mai tauri sai ya take da ƙafa ya yaga da baki. Wani lokaci ya ɗauki busasshen burodi ya kai wurin ruwa ya jiƙa. In abinci ya yi masa yawa yakan cusa saura a gindin ciyawa ko a wani saƙo, ya ɗora ganye a kai, ya duba hagu da dama, sannan ya tashi. Duk yaron da ya kama shi yana wannan ɓoyon, ba sai kun gaya masa tsuntsun na da wayo ba.

A sati na biyu muka fara ajiye musu gyaɗa. Mai ɓawo za ku samu, wadda ba gishiri, cikin tafin yaro ɗaya ya wadatar. Ku zaɓi wuri guda da lokaci guda, mu a kan katangar baya muke zubawa kafin a tafi makaranta, da ɗan ruwa a tsohon kasko. Kada ku yi mamaki in kwana 3 ko 4 suka wuce ba su taɓa ba. Hankaka yana tsoron sabon abu, zai zo ya tsaya nesa, ya karkata kai ya leƙa da ido ɗaya, ya matso ya ja da baya, ya tafi abinsa. Yaro zai ce ba sa so. Ku ce masa suna bincike ne, su ga ko tarko ne. Ranar da suka fara ci, ku bar yaro ya kalli yadda ake take gyaɗa a fasa ɓawon a zare ƙwayar.

A nan akwai maganar da ba zan tsallake ba. In kuna kiwon kaji masu 'yan tsaki, ko maƙwabta na yi, kada ku jawo hankaki gida. Yana ɗaukar ɗan tsako, yana shan ƙwai, wannan ba ƙage ba ne, kuma bai kamata darasin yaranku ya zama asarar maƙwabciya ba. Ku yi abinku a filin makaranta ko wani fili da ke nesa da kaji. Kada kuma a yawaita abincin har su taru su zama fitina a unguwa. Sannan yaro ya san cewa kallo ake yi, ba kamu ba, ba taɓawa. In ya ga mushen tsuntsu kowane iri ya bar shi ya kira babba. Mu a jihar nan mun san murar tsuntsaye: a watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar nau'inta mai tsanani da ake kira H5N1 karo na farko a Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji. A wanke hannu da sabulu duk lokacin da aka taɓa kaskon ruwansu.

Da suka saba da gyaɗar, sai muka kife ta da gwangwanin madara, yaran na leƙe ta taga. Kwana biyu suna zagaya gwangwanin. A rana ta uku babban cikinsu ya matso, ya kai masa sara ɗaya ya yi tsalle baya, ya sake dawowa ya sa baki a ƙasan bakin gwangwanin ya tunkuɗe shi. Ɗana, mai danƙo, shi ya fi kowa ihu. Washegari hankakan ko tsayawa tunani bai yi ba, yana sauka ya kifar. Daga nan za ku iya jera gwangwani uku, gyaɗa a ƙarƙashin ɗaya, yaro ya riƙa rubuta wanda aka fara buɗewa kowace rana.

To yanzu ne lokacin labarin nesa, don yaro ya riga ya samu abin da zai auna shi da shi. Ku fara gaya masa cewa hankaki dangi ne babba, sun haura iri 40 a duniya, namu mai farin ƙirji na Afirka ne, yawancin na sauran ƙasashe baƙaƙe ne ƙirin. Labaran da ke tafe na 'yan'uwan namu ne.

Wanda ya fi kama yara shi ne na gane fuska. A shekarar 2006, a Jami'ar Washinton da ke birnin Siyatil a Amurka, wani malami mai suna John Marzluff da ɗalibansa suka sa wata fuskar roba mai ban tsoro, suka kama hankaki 7, suka sa musu zobe a ƙafa, suka sake su. Tun daga nan duk wanda ya sa fuskar nan ya ratsa harabar jami'ar sai hankaki su bi shi da tsawa suna kawo masa sura. In ya sa wata fuskar dabam, wadda ba a kama kowa da ita ba, ba ruwansu da shi. Abin da ya fi ban mamaki, shekaru na tafiya masu tsawar na ƙaruwa, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba, har da waɗanda ba a ƙyanƙyashe su ba lokacin da abin ya faru. A wurin iyayensu da 'yan'uwansu suka koya. Da na gama ba da labarin, ɗana ya yi shiru, can ya ce, "Umma, ke nan da na harbe shi, har 'ya'yansa za su san ni?" Na ce masa haka binciken ya nuna ga na can. Ku gwada a gida ta hanyar alheri, ba ta tsoratarwa ba: yaro guda ya zama shi ke zuba gyaɗa kullum, bayan sati biyu ku ƙirga taku nawa zai iya matsawa kafin su tashi, sannan wani da ba su saba da shi ba ya gwada. A gidanmu autata na kaiwa taku 6, babansu kuwa yana fitowa daga zaure suke watsewa.

Akwai wasa biyu da nake so yaro ya yi da hannunsa kafin ya ji yadda hankaka ya yi. Na farko na ruwa ne. Ku yanke kan gorar lemo ta roba, ku zuba ruwa ƙasa da rabi, ku jefa ɓawon gyaɗa ya yi iyo a kai. Ku tara tsakuwa a gefe ɗaya, guntayen soson katifa ko toton dawa a ɗaya gefen. Doka ita ce ba a karkata gora, ba a zura hannu can ciki, sai ɓawon ya taso inda yatsa biyu za su ɗauka. Ku yi shiru ku bar shi ya sha wahalarsa. A ajina wata yarinya ta cika gorar da soso, ta ga ruwa bai motsa ba, ta kwashe ta koma tsakuwa, tana jefawa tana duƙawa tana duba inda ruwa ya kai. In an gama sai ku gaya musu akwai tsohuwar tatsuniyar mutanen Girka a kan hankakan da ƙishirwa ta kama ya jefa duwatsu a tulu, an daɗe ana ɗaukarta tatsuniya kawai. A 2009 masu bincike a Ingila suka gwada wasu 'yan'uwan hankaka da tsutsa tana iyo a bututun da bakinsu bai kai ba, tsuntsayen suka yi ta jefa tsakuwa har ruwa ya taso. A 2014 aka sake gwadawa da hankakin tsibirin Niyu Kaledoniya da ke tekun Fasifik, suka riƙa zaɓar abin da ke nutsewa suna barin mai iyo, suka kuma fi jefawa a bututu mai ruwa a kan mai yashi.

Wasa na biyu ya fi wuya. Ku ɗaura wa murfin gora 'yar mariƙa da zare ko siririyar waya ya zama ɗan guga, ku sa alewa a ciki, ku zura shi gindin doguwar kwalba. Ku miƙa wa yaro miƙaƙƙiyar waya mai laushi, ku lanƙwashe ɓangaren da zai riƙe kada ta soke shi, ku ce ya fito da gugan. A 2002, a Jami'ar Oksfod, wata macen hankaka 'yar Niyu Kaledoniya da aka sa wa suna Betty ta fuskanci irin wannan. Ta zura miƙaƙƙiyar waya ba ta yi ba, sai ta maƙala bakin wayar a wani saƙo ta ja har ta lanƙwashe ta zama ƙugiya, ta ciro gugan. 'Yan'uwanta a dajin tsibirinsu da ma suna gyara tsinke da gefen ganye su zaƙulo tsutsa daga ramin itace. In ɗanku ya kasa, don Allah kada ku ce masa tsuntsu ya fi shi. An gwada yara da irin wannan a Ingila, aka ga 'yan ƙasa da shekara 5 da wuya su yi tunanin ƙugiya da kansu, sai wajen shekara 8 yawancinsu ke ganowa, amma da zarar an nuna musu sau ɗaya sai su iya. Autata ba ta gano ba, yayanta ya nuna mata, ta yini tana ciro alewa.

Saura guda biyu gajeru ne, na lokacin kwanciya barci. A birnin Sendai na Japan an ga hankaki suna ajiye wani ƙwallo mai taurin ɓawo a kan titi, mota ta taka ta fasa, su sauko su tsince. A Jamus kuma, a 2024, masu bincike a jami'ar Tubingen suka koya wa hankaki 3 su yi kuka sau 1 zuwa sau 4 daidai da alamar da aka nuna musu. Bayan wannan labarin yarana sun koma ƙirga kukan na gidanmu, suna rarrabe na kiran ɗan'uwa da na ganin mage. Za a tambaye ku yadda ɗan ƙaramin kai ke ɗaukar wannan duka. Ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce girman goro ba, amma bincike a 2016 ya nuna ƙwayoyin da ke cikin ƙwaƙwalwar irin waɗannan tsuntsaye a cushe suke, sun fi na biri yawa in aka auna nauyi ɗaya. Ni da gwangwani biyu nake nuna musu, ɗaya cike da gero, ɗaya cike da gyaɗa, in ce wanne ya fi yawan ƙwaya.

Sai karin maganar da kowa ya sani, hankaka mai da ɗan wani naka. Kakata ta rasu tana kan cewa hankaka ba ya ƙwai, ɗan wani tsuntsu yake ɗaukowa ya yi ta shafa shi har ya rikiɗe. Ban yarda a raina maganar manya a gaban yara ba, kuma ban yarda a bar su da abin da ba haka ba, don haka nake kai su su ga sheƙa. Daga bazara zuwa farkon damina ku riƙa ɗaga kai kuna duba ƙarfen sabis da saman manyan maɗatai, za ku ga tarin ƙirare, wani lokaci har da guntayen waya, cikinta shimfiɗe da tsumma da gashi. Namiji da mace ke ginawa tare. Tana saka ƙwai 3 zuwa 6 masu ɗige-ɗige, ta yi kwanci kwana 18 ko 19, 'ya'yan su yi wajen sati 6 kafin su tashi. Amma kakanninmu ba su faɗi maganar a banza ba. Akwai wani tsuntsu mai doguwar wutsiya da ɗan tukku da ɗigon fari a fukafukai, wanda ba ya gina sheƙa, sai ya faki ido ya saka ƙwansa a ta hankaka. Hankaka ya ƙyanƙyashe, ya ciyar da baƙon tare da nasa. Wasu masu nazarin tsuntsaye biyu, Mundy da Cook, sun wallafa abin da suka gani na wannan a arewacin Najeriya tun 1977. Wanda ya hau itace ya tarar da ɗan da bai yi kama da hankaka ba a sheƙar hankaka, dole ya ce satowa aka yi, alhali kawo masa aka yi ya riƙe. Autata ta ce, "Ashe riƙo yake yi, kamar Gwaggo."

Ranar da na kai maganar aji, na tambaye su wa ya san inda aka ambaci hankaka a Alƙur'ani. Wani yaro da ya yi nisa a Islamiyya ya tuna da 'ya'yan Annabi Adamu biyu. A Suratul Ma'ida ne, aya ta 31, inda Allah ya aiko hankaka yana tonon ƙasa don ya nuna wa wanda ya kashe ɗan'uwansa yadda zai rufe gawar. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, mu ma a makarantar Lahadi an gaya mana hankaki ne suka riƙa kai wa Annabi Iliya gurasa da nama safe da yamma." Ajin ya yi tsit, kowa na sauraren na ɗan'uwansa. In yaranku sun kai su fahimta, ku ƙara musu da cewa a Siyatil ɗin nan an yi nazarin yadda hankaki ke taruwa da kuka a kan mushen ɗan'uwansu, daga baya su riƙa ƙyamar wurin da mutumin da suka gani riƙe da shi.

In damina ta kankama za ku iya tarar da ɗan hankaka a ƙasa, gashi ya fito amma tashi bai nuna ba. Yara za su so su kawo shi gida. Ku hana. Iyayen na kusa, za ku ji su a sama suna tsawa, kuma suna ci gaba da ciyar da shi a ƙasan. A kore mage da kare, a janye yara, in yana tsakiyar hanya babba ya sa tsumma ya ɗauke shi ya ɗora a reshe mafi kusa, ya wanke hannu.

Abu na ƙarshe da muke yi, har yanzu ba mu daina ba, shi ne ƙirgar yamma. Gab da magariba hankaki kan bar wurin kiwo su nufi manyan itatuwan da suke kwana, bibbiyu, uku-uku, wani lokaci a yi sa'a a ga biyu sun tasa shirwa a gaba suna kai mata sura har ta bar musu sama. Ku tsaya wuri guda mai fili, bakin kogi wajen Gamji yana da daɗin wannan in kun samu fita ranar Asabar, ko kuma ƙofar gida kawai. Yaro ɗaya ya ƙirga, ɗaya ya ja layi a littafi, a rubuta kwanan wata da gefen da suka nufa. Yanzu littafin a hannun ɗana yake, shi ke jan layi, ƙanwarsa na ƙirga da ƙarfi. Jiya kafin a kira salla sun samu 23, duk sun yi gabas.